Birane Uku a Bayan Katako Ɗaya

Da sunan Wanda ya ɗaga sama ya shimfiɗa ƙasa, ya raba ruwa da tudu, ya ba kowane gari iskarsa da irin tafiyar mutanensa. Ya ku masu karatu, ku yi haƙuri da rubutuna. Ni Yalwa ce, mutuniyar Kwalwasa ta ƙasar Zarmandu, can bayan tekun da jiragenku ba su taɓa ratsawa ba. Karatuna bai yi nisa ba, magana kuwa ba ta cikin abin da aka san ni da shi. Amma na yi tafiya sau ɗaya a rayuwata, kuma abin da ya faru a cikinta ya ƙi barina in yi shiru.

Sana'ar gidan mijina buga zane ce. Akan sami katakon kanya a goge shi ya yi santsi, a zana abu a kansa, sai a bi da wuƙa a kwashe duk inda babu layi, har layukan su tsaya kamar kunyoyin gona. A shafa tawada ta baƙin fitila da mai, a ɗora takarda mai ɗan laima, a danne. Katako ɗaya sai ya haifi zane ɗari biyar, duk kamarsu ɗaya. A da sai attajiri ke da zane a bango, don sai ya ɗauki mai zane ya ciyar da shi wata shida. Yanzu mai tallan kunu ma takan saya ta manna a ɗakinta da ƙullun rogo.

Mijina, sunansa ba zan rubuta ba, kun san dalili. Mutane Dogo suke ce masa. Siriri ne kamar kara, ga surutu, har katako yakan yi wa hira in yana sassaƙa. Abin da ya fi ƙauna a duniya wuƙarsa ce. A ƙasarmu ƙungiyar masassaƙa sau ɗaya take ba mutum wuƙa a rayuwarsa. In aka karya ta bisa hukunci, shi ke nan, ko cokali ba zai sake sassaƙawa ba.

Iya, uwarsa, ita ke riƙe da shagon. Akwai wani tsohon katako da ta gada wajen marigayi mijinta, muna ce masa Birni. An sassaƙa ganuwa a kansa, da ƙofa uku, da doguwar hasumiya, da tsuntsaye biyar a sama. A ƙasansa akwai ɗan gurbi inda ake cusa sunan gari. Yau a cusa Shandaru a buga ɗari, gobe a zare a cusa Tulluwa, jibi Marmaraje. Mutanen Kwalwasa ba matafiya ba ne, suna saye suna murna. Wata rana ina jera takardu a igiya na yi ƙarfin hali na ce, "Iya, duk garuruwan haka suke?"

"Ke 'yar nan, gari ai gari ne," in ji ta. "Ganuwa, ƙofa, hasumiya. Me kike so a ƙara, ƙaho?"

Shekarar da ta biyo bayan bikinmu, Iya ta ce kasuwar gida ta ƙoshi, a kai zane babbar kasuwar Marmaraje. Al'adarmu kuwa matar mai sassaƙa ce ke zama a rumfa. Ni da ko maƙwabciya ta gaishe ni sai na nemi inda zan sa idona! Aka nannaɗe takardu aka cusa a gangar itace, aka liƙe murfin da kakin zuma. Iya ta naɗe Birni a tsohon bargo ta ɗaura mini a baya kamar goyo, don in kaya sun ƙare mu buga wasu a hanya.

"In kun ga dama ku ɓata," ta ce. "Amma Birni ya dawo mini ko ƙwarzane babu a fuskarsa."

Kwana tara muna tafiya muka iso bakin tafkin Shandaru. Birnin yana tsakiyar ruwa, kuma ba da kwalekwale ake shigarsa ba, a bayan kunkuru ake zuwa, kowane kunkuru ya kai faɗin tsakar gida. Muka hau mu goma sha biyu. Mijina ya ɗaga kai yana nuna gine-gine yana ba mai fito labarin ganuwar da bai taɓa gani ba. Ni idona na ƙasa, don haka na lura da sanda a gaban kunkurun, da busasshen kifi a rataye. Muddin yana bin ƙamshin kifin, kansa na sama. Muna tsakiyar tafki wata shirwa ta faɗo ta yi gaba da kifin. Mai fito bai gani ba, hira ta ɗauke shi. Kunkuru ya fara sunkuyar da kai, ruwa ya taɓa gindin gangarmu.

Na so in yi ihu, muryata ta ƙi fita. Sai na kwance bakin zanena, na ciro kilishin guzurinmu, na rarrafa na ɗaura a sandar. Kunkuru ya shinshina, ya ɗago, ya kwasa da gudu har rawanin wani ɗan kasuwa ya faɗa ruwa. Ashe bai taɓa jin yaji ba. Muka iso gaɓa kafin kowa, yana ta atishawa.

"Kun gani?" in ji mijina. "Albarkar hirata ce ta ƙara masa kuzari."

Da yamma da ya nemi kilishi ya gane.

Kwana biyu muka yi a Shandaru. Mun sayar da zanen Tulluwa da na Marmaraje, na Shandaru kuwa mijina ya ce a bar shi a ƙasan ganga, wai yana ganin garin bai yi daidai da zanenmu ba.

Daga nan muka hau dutse kwana shida zuwa Tulluwa, garin da iska ba ta taɓa kwantawa ba tun da aka kafa shi. A ƙofar gari ana ba baƙi aron takalmin ƙarfe. Na karɓa na ɗaura. Mijina ya ce shi namiji ne, iska ba ta isa ba. Taku bakwai ya yi. A na takwas babbar rigarsa ta cika ta kumbura, sai na ga ƙafafunsa sun bar ƙasa. Na zauna daɓas a kan ganga, Birni a bayana yana ƙara mini nauyi, na cafke idon sawunsa da hannu biyu. Yana sama yana kaɗawa kamar tuta.

"Yalwa, kada ki saki! Yalwa, na tuba, a kawo takalmin!"

Mutanen gari suka jawo shi suna dariya har da hawaye. Amma a cikin kokawar murfin ganga ya ɓalle. Kafin in mayar da shi takardu wajen sittin sun tashi sama kamar balbelu, na Shandaru da na Tulluwa da na Marmaraje a gauraye, suka watsu bisa duwatsu. Muka ce asara ce ƙarama. Ba mu san sun riga mu zuwa kasuwa ba.

Marmaraje birni ne da wuta ke kwance a ƙarƙashinsa. Daɓen titunansa da zafi kamar tanda, kowa da takalmin katako mai tsayi yake yawo, ƙwas-ƙwas ko'ina. Ba su hura wuta. Ramuka ne a gefen titi da murafen dutse, mace ta buɗe ta zura tukunya ta tafi harkarta. Muka sami rumfa, na jera zanuka, na zauna ina kallon yatsuna.

Ko rana ba ta yi tsaka ba sai ga hayaniya. Wata ƙatuwar mata mai sayar da kifi, Tabawa ta Shandaru, riƙe da takarda. Bayanta wani gajeren maƙeri, Barmo na Tulluwa, shi ma da tasa. Makiyaya ne suka tsinci zanukanmu a dutse suka kawo kasuwa.

"Ɓarayin gari!" Tabawa take ce masa. "Ku da ko kaza ba ta iya tsayuwa a garinku, kun sace mana kama kun sa sunanku!"

"Ke tafi can, 'yar kwaɗi," in ji Barmo. "Ina kuka ga busasshiyar ƙasar da za ku kafa hasumiya?"

"To ku kuna da ita?"

Barmo ya ce, "Ba mu da ita. Iska ta kwashe tun zamanin kakana."

"Mu ma ƙofarmu ɗaya ce, ba uku ba."

Suka dubi juna, suka dubi takardun, sai suka juyo gaba ɗaya suka dubi rumfarmu.

Aka kai mu gaban Magajiyar Kasuwa, wata tsohuwa mai dogon zane har ƙasa, wadda shekara arba'in ba a tsallake maganarta a Marmaraje ba. Ta jera takardun uku a gabanta, ta ƙirga tsuntsaye.

"Biyar, biyar, biyar," ta ce. "Samari, tsuntsayen nan su suke bin ka gari-gari?"

Mijina ya fara bayani mai tsawo kan tsadar katako da yadda sassaƙa ɗaya ke cin wata biyu. Ta ɗaga hannu.

"Talaka ya hana cikinsa ya sayi zanen garin da ɗansa ya tafi ci-rani, ya manna a bango yana kallo kullum, ashe ba garin ba ne. Dokar kasuwar nan, mai sayar da zanen ƙarya a karya wuƙarsa. Kawo ta."

Ban taɓa ganin mijina ya rasa magana ba sai ranar. Ya ciro wuƙar ya miƙa mata. Ita kuwa Magajiya ta juya ta a hannunta, ta ga yadda ƙotar ta lotsa daidai yatsunsa.

"Saura kwana uku kasuwa ta watse," ta ce. "Ka kawo mini zane uku, babu suna a jikin ko ɗaya. In Tabawa ta gane garinta, Barmo ya gane nasa, ni na gane nawa, ka tafi da wuƙarka. In ɗayanmu ya kasa, ni da hannuna zan karya ta. Karɓi, aro na ba ka."

Muka koma masauki. Ya zaga gari neman katako, aka ce itace a Marmaraje na takalmi ne, ba a sayar wa baƙo. Ya dawo ya zauna ya dafe kai.

"Ko da katakon ma, me zan sassaƙa? Wallahi Yalwa ban riƙe komai ba. A Shandaru ina surutu, a Tulluwa ina sama. Ke kin ga yadda rufin gidajensu yake?"

"Ban ɗaga kai ba," na ce.

"Shi ke nan, mun mutu."

Na daɗe ina murza bakin mayafina. Sannan na ce, a hankali, "Amma na ga ƙasa."

"Me kika ce?" Ya sunkuyo da kunnensa dab da bakina.

"A Shandaru kowane bango akwai tsage-tsage a gindinsa, inda ruwa ya kai kowace shekara. Akwai guda can sama da sauran, an shafa masa shuni. Kowane dokin ƙofa da zoben ƙarfe, igiyar da ke jiki ƙulli biyu suke yi mata da ɗan kunne a gefe. Ba su sa takalmi. Ƙananan kifaye na zuwa har bakin matakala suna cin tuwon da aka wanke daga kwano."

Ya ɗago ya dube ni kamar yau aka kawo ni gidansa. "Tulluwa fa?"

"Igiya ce a miƙe gefen titi daidai gwiwa. Kowace kaza da ɗan dutse a ɗaure a ƙafarta. Takalmin ƙarfensu ƙusa uku ne a dunduniya, ta tsakiya ta fi girma."

Ya miƙe tsaye, ya sake zama. "Katako, Yalwa. Ina katako?"

Na kwance bargon, na kifa Birni a kan cinyata. Iya fuskarsa ta ce kada a taɓa. Bayansa fili ne fetal, shekara hamsin ba wanda ya kula shi.

Ya yi wata irin dariya har mai masauki ta leƙo. Ya goge bayan katakon, ya ja layi biyu ya raba shi gida uku, dogaye sirara kamar ɗamara. Kowace safiya da an ga haske mukan zauna a ƙofar ɗaki. Ni ban iya zane ba, sai irin na jikin ƙwarya, amma nakan ja da gawayi a ƙasan faranti in nuna masa, shi ya mayar a katako. In ya yi kuskure in ce, "Ba haka ba." Da farko a ciki nake faɗa, rana ta biyu har na ji kaina ina cewa, "Haba Maigida, wannan kaza ce ko tulu?" Ya ajiye wuƙa ya riƙe ciki. Maganar da na yi a kwana ukun nan ta fi wadda na yi tun daga ranar da aka kai ni.

A na Marmaraje na sa ya sassaƙa bakin rumfar hukunci, da ramin girki mai fasasshen murfi, da takalman masu wucewa. A tsakiya na zana wasu takalma biyu suna leƙowa daga ƙarƙashin dogon zane, na hagu ya fi na dama tsayi da yatsa biyu.

"Nan kin karkace," ya ce. "Bari in daidaita."

"Bar shi haka."

Ba mu da abin dannewa irin na gida, don haka da bayan ludayi na murza takardun, ɗaya bayan ɗaya, har kafaɗata ta yi tsami.

Rana ta uku da la'asar kasuwa duka ta taru. Aka shimfiɗa zanukan a kan tebur. Tabawa ta leƙa, ta yamutsa fuska. Barmo ya juya ɗaya sama da ƙasa.

"Ina garin?" in ji Magajiya. "Ba rufi, ba sama, ba fuskar mutum. Ƙafafu ka kawo mini?"

Mutane suka fara gunaguni. Ta miƙa hannu, mijina ya ɗora mata wuƙar. Na san abin da ya ɓace: daga sama suke kallo, a tsaye, ni kuwa ba haka na ga garuruwan ba.

"Gwaggo," na ce.

Ba wanda ya ji. Na sake cewa, har muryata ta ba ni tsoro, "Gwaggo Magajiya! A jingina su a gindin bango. A nan suke zaune."

Ta dube ni, ta ɗaga gira, ta yi nuni a yi hakan. Aka jera su a ƙasa jikin bango, mutane suka ja da baya suna kallon ƙasa yadda mai tafiya gida yake yi.

Tabawa ce ta fara. Ta dafe ƙirji ta durƙusa, ta manta da zafin daɓe. "Wayyo, tsagen shuni! Shekarar babban ruwa ke nan, shekarar da aka kai ni ɗaki a bayan kunkuru har cikin zaure! Ga ƙullinmu mai kunne! Wannan nawa ne, kada wanda ya taɓa!"

"Ƙusa uku!" Barmo ya yi tsalle. "Ta tsakiya babba! Jama'a, wannan ƙirar gidanmu ce, kakana ya fara ta! Ke 'yar kwaɗi, zo ki ga kazar kirki."

"Kazar da aka ɗaure kamar mai laifi?"

Saura ɗaya. Magajiya ta taka a hankali ta tsaya a kan na ukun. Ta daɗe. Sannan ta yafito ni, ta kawo bakinta kusa da kunnena.

"Wa kika faɗa wa?"

"Babu kowa, Gwaggo."

"Shi dogon fa?"

"Ya ɗauka kuskurena ne. Har ya so ya gyara."

Kafaɗunta suka fara rawa. Na ɗauka fushi ne, ashe dariya ce. Ta juya ga jama'a, ta ɗage zanenta zuwa idon sawu, kowa ya ga takalmin hagu ya fi na dama tsayi.

"Shekara arba'in ina ɓoye gajeriyar ƙafata," ta ce. "Maza biyu na aura, ba wanda ya lura. Yarinya ta zo kwana ɗaya, ko fuskata ba ta kalla ba, ta sa ni a takarda! Wannan Marmaraje ce, har da murfin da na ce a gyara tun bara. Samari, karɓi wuƙarka. Ka riƙe ta da kyau, matar kuma ka fi riƙe ta da kyau."

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. 'Yan ci-rani na garuruwan uku suka yi layi. Takardarmu ta ƙare, wani mai takarda ya kawo tasa da kansa. Tabawa ta karɓe ludayin ta ce hannuna ba ƙarfi, Barmo ya riƙa shafa tawada yana ɓata gemunsa, suna yi suna zagin garin juna. Kafin mu tashi mijina ya ce zai sassaƙa sunana a kusurwa, yadda manyan masu zane ke sa alamarsu don kada a kwaikwaya. Na rufe fuska na ce in ya yi ba zan sake fita ba. Ya ce to. Amma na ga ya juya mini baya yana ɗan ƙwaƙule-ƙwaƙule.

Ranar da muka isa gida, Iya ko sannu da zuwa ba ta gama ba ta kwance bargo. Ta shafa fuskar Birni, ta ƙirga tsuntsayenta, biyar cif. Sai yatsunta suka ji wani abu a baya. Ta kifa shi. Mijina ya kwashe labari ya faɗa mata, ya ƙara gishiri a inda ya shafi iska. Ta bi layukan da yatsa har ta kai kusurwa.

"Waɗannan 'yan takalman fa, masu tsinkakkiyar maɗauri an ɗinke da jan zare? Ai na san su."

Ta dubi ƙafafuna. Na yi ƙoƙarin ɓoye ɗaya a bayan ɗaya.

Ba ta ce an kyauta ba, Iya ba ta faɗin haka. Ta dai sa aka buga mata guda uku, ta dama ƙullun rogo, ta manna su a gindin bangon ɗakinta daidai inda take shimfiɗa tabarma. Daga ranar kuma Birni a kife yake kwana, bayansa a sama. Da yamma ta kira ni ta matsa mini wuri kusa da ita, abin da ba ta taɓa yi ba.

"'Yar nan," ta ce, "tsakaninmu. Ita Marmarajen, da gaske ita ma ba ta da hasumiya?"

Na yi tunani, na sake yin tunani.

"Wallahi Iya ban sani ba," na ce. "Ban duba ba."